Kamfanin jirgin ƙasa na ƙage: daga ina za a fara tarihinsa?

Ɗan Kosti: Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Tun da yaƙin nan ya ɓarke a Afrilun 2023 karatu ya tsaya mini, zaman banza ya ishe ni, sai na fara rubuta wani dogon labari na ƙage. A cikinsa akwai kamfanin jirgin ƙasa na ƙasa baki ɗaya, wanda ba ya ɗaukar komai sai fasinja. Ban raɗa masa suna ba tukuna. So nake in rubuta masa tarihi tun daga kafuwa har durƙushewa, yadda duk wanda ya karanta zai rantse an taɓa yin sa a Sudan. Abin da na tsara shi ne an kafa shi ranar samun 'yanci, 1 ga Janairun 1956, ya yi tashe shekara talatin yana cin riba da kuɗin tikiti, daga baya wani mugun shugaba ya zo ya kashe shi. Ku gyara mini, musamman Baba Atbara.

Baba Atbara: Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi albarka. Amma tun a layin farko ka sauka daga kan dogo. Kuɗin tikiti kaɗai ya riƙe kamfani shekara talatin? A wace ƙasar?

Ɗan Kosti: Ai ƙage ne Baba 😅

Baba Atbara: Ƙage ma yana da ƙafa. Kai ka ce so kake a rantse. Bari in idar da sallah in zo.

Takari na Jidda: Kafin Baba ya dawo. Ni ban ga abin da ya gagara a nan ba. Ga jirgin Haramain da aka buɗe a 2018, daga Makka zuwa Madina ta Jidda, kilomita 450 ko kusa da haka, gudunsa yana kai 300 a awa. Ba ya ɗaukar buhu ko ɗaya, mutane zalla. Na shiga da azumin bara, wajen awa biyu da rabi muka isa Madina, shayin da na saya bai ko girgiza ba. Yaro ya rubuta abinsa.

Malam Maiurno: Alhaji, wa ya biya kuɗin shimfiɗa wancan dogon? Tikitinka ne?

Takari na Jidda: Gwamnati mana.

Malam Maiurno: To ka ba kanka amsa. Kuma wancan layin yana da abin da ba kowa ke da shi ba: alhazai da masu umara miliyoyi, shekara ta zagayo su dawo. Ko a Amurka, kamfanin fasinja na ƙasa da ake kira Amtrak ya fara aiki ne ranar 1 ga Mayun 1971 saboda kamfanoni masu zaman kansu sun gaji da asarar ɗaukar mutane. Suka riƙe kaya, inda ribar take, suka miƙa wa gwamnati fasinja. Har yau da tallafi yake tafiya. Idan ƙanenmu yana son kamfanin fasinja zalla, to ya rubuta shi a matsayin maraya da aka raba da uwarsa, ba ɗan gata ba.

Baba Atbara: Na dawo. Malam ya rage mini aiki. Ɗana, ka saurara, zan yi tsawo.

Sikka hadid, wato hanyar dogo, a ƙasar nan ba don fasinja aka yi ta ba. Don yaƙi aka fara ta. An ɗan taɓa gwadawa zamanin Khidewi Isma'il na Masar a shekarun 1870, daga Wadi Halfa aka yo kudu kaɗan, kuɗi ya ƙare aka bari. Ta gaskiyar ita ce ta Kicina, kwamandan Ingila da ya zo yaƙar daular Mahadi. Ranar 1 ga Janairun 1897 aka fara shimfiɗa ƙarfe daga Wadi Halfa, aka yanke ta tsakiyar sahara maimakon a bi gwiwar kogin Nilu, sama da kilomita 350 babu gari babu inuwa, aka isa Abu Hamad ƙarshen Oktoba na shekarar. Tunda babu garin da za a sa wa tasha sunansa, sai aka bi su da lamba, Nimra ɗaya har Nimra goma. A wuri biyu kawai suka haƙa suka samu ruwa. Har yau Nimra shida ce kowa ya sani, don nan ake tsayawa a da. A tsakiyar 1898 dogo ya iso Atbara, a 2 ga Satumba aka yi yaƙin Karari. Ka gane? Sojoji da bindigogin da suka karya daular Mahadi, a kan wannan ƙarfen suka zo. Ƙarshen 1899 ya isa Bahri, tsallaken Khartum.

Bayan yaƙi sai kasuwa. Aka ja layi daga Atbara zuwa Bahar Maliya, aka buɗe shi a 1906, aka gina Bur Sudan don Sawakin ba ta ɗaukar manyan jiragen ruwa. Aka yi kudu zuwa Madani da Sinnar, aka tsallake Farin Nilu ta gadarku ta Kosti a 1910, aka isa Al-Ubayyid ƙarshen 1911. Me ake nema a Al-Ubayyid? Ƙaro. Me ake nema a Kasala da aka kai mata dogo a 1924? Audugar Gash. Dam ɗin Sinnar ya kammala a 1925, gonakin Jazira suka fara zubo auduga, a 1929 aka haɗe Kasala da Gadarif da Sinnar. Ka ɗauki taswira ka duba, kowane reshe hannu ne da aka miƙa a ɗebo wani abu a kai bakin teku. Mu mutane an lanƙaya mu ne a baya.

Malam Maiurno: Baba, a ba ni dama in sa baki a nan, don akwai abin da yaranmu ba su sani ba. Injiniyan da ya yi wa Kicina wancan dogon na sahara, Percy Girouard, mutumin Kanada, lokacin shekarunsa talatin ne kacal. Shi ɗin dai aka tura Arewacin Najeriya a 1907 ya gaji Lugga, kuma a hannunsa aka fara layin Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911. Wato shekara ɗaya jirgi ya shiga Kano da Al-Ubayyid. Faɗin dogon ma ɗaya ne, ƙafa uku da rabi, milimita 1067. Da za ka ɗauko tarago daga Kano ka ɗora shi a Kosti, zai zauna daram. Amma tsakanin Kano da Al-Ubayyid, inda kakanninmu suka sha ƙasa da ƙafa da jakai, ba a taɓa haɗawa ba.

'Yar Niyala: Subhanallah. Malam wannan ban taɓa ji ba.

Ɗan Kosti: Wallahi na samu babi na farko! Kenan mutanen Mai Wurno ma da jirgin suka ƙarasa Sinnar?

Malam Maiurno: A'a ɗana, kada ka rubuta wannan, za a yi maka dariya a garinmu. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi a Yulin 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da jama'a, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu tun jirgi bai zo Sinnar ba. Su suka riga dogo. Waɗanda jirgi ya amfana su ne na baya, maniyyata masu biyowa ta Barno, Fort Lami, Abeshe, Adare, Jinaina, Fashir, Nahud. In mutum ya ga hayaƙin jirgi a Al-Ubayyid ya san rabin wahala ta ƙare. Amma ta aljihu ta fara, don tikiti da kuɗin jirgin ruwa da na zaman killacewa a Sawakin ba a biyansu da addu'a. Shi ya sa da yawa suka sauka Jazira tsinkar auduga a tara guzuri, shekara ɗaya ta zama goma, aka yi aure aka haihu. Mu ne nan.

Inna Gadarif: Ku kuna ta shekaru da lambobi. Ni abin da na sani tasha ce. Kakata godogodo, irin furar nan, take sayarwa a tashar, ni ke riƙe mata ƙoƙuna ina yarinya. Tun jirgi yana nesa za ka ga tana kasa kunne, in ta ji kukansa sai ta ce tashi ki wanke ludayi. Mu ba ma zuwa gaban taragon masu kwana, can ba sa sayen komai, suna da ɗakin cin abincinsu da farin kyalle a tebur. Mu na daraja ta huɗu muke nufa, masu bencin katako, inda ake zaune a kan buhu, akuya a ƙarƙashi, yaro a cinya. Ta taga ake miƙo kuɗi a miƙa ƙoƙo. Wani lokacin jirgi ya motsa mutum bai gama sha ba, in bi shi da gudu ina kuka a jefo mini ƙoƙona. Ɗana, in ba ka sa wannan a labarinka ba to ba jirgin Sudan ba ne.

Ɗan Kosti: Inna, har daraja ta huɗu akwai? Ni uku na sani.

Inna Gadarif: Akwai mana. Akwai ma ta biyar, saman rufi 😂

Baba Atbara: Hajiya ta faɗi gaskiya, na sama ba sa sayen tazkara, wato tikiti, kumsari mai duba ta ya gaji da su. Kuma ka rubuta kalmar nan: mushtarak. Shi ne jirgin da ake haɗa taragon mutane da na kaya, yana tsayawa kowace tasha, ba ya sauri ba ya fushi. Talaka shi ya sani.

Takari na Jidda: Inna kin tuna mini agashen tasha. Nan ma ana yi amma yajin ba ɗaya ba ne, ƙuli-ƙulin kamar an yi masa rowa.

Inna Gadarif: Ai ba hannun gida ba ne Alhaji.

'Yar Niyala: Baba, da girmanka, ina da ƙorafi a kan yadda ake ba da tarihin nan. Kullum daga Atbara ake kallonsa. Mu a yamma fa? Dogo ya tsaya a Al-Ubayyid tun 1911, sai bayan 'yanci aka ja shi zuwa Babanusa, bai iso Niyala ba sai 1959. Kusan shekara hamsin kenan. Wau ta samu nata farkon shekarun 1960. Fashir da Jinaina kuwa har gobe ba su ga ƙarfe ba. Saboda haka idan ƙanena zai kira kamfaninsa "na ƙasa baki ɗaya", ina so a cikin labarin wani ya tashi ya tambaya: wace ƙasar? Babata tana cewa tafiya daga Niyala zuwa Khartum sai ka yi guzurin kwanaki, da damina kuma ka ninka, don in kwari ya cika ya wanke ƙasan dogo sai a zauna a daji har a gyara. Ta taɓa kwana uku a tsakanin tasha biyu. Mata suka sauka suka kafa murhu a gindin bishiya, aka haɗa garin kowa aka tuƙa. Ta ce a nan aka ƙulla auren wata ƙawarta.

Baba Atbara: 'Yata, ƙorafinki yana kan hanya, ban musa ba. Amma wanda ya gyara muku dogon nan cikin ruwa, mu ne. Ni a darisa na fara, masu kula da layi. Ana ajiye mu mu kaɗan a tasha cikin daji, ɗakunanmu zagayayyu masu tsinin kai, waɗanda kuke hangowa ta taga ku ce kamar rumbu. Da asuba mu ɗora turoli a kan ƙarfe mu tura, biyu na gudu a baya suna turawa, in ya ɗau gudu su ɗare. Ana duba kusoshi, ana ƙwanƙwasa ƙarfe da guduma, kunne ke faɗa maka in akwai tsaga. A arewa abokin gabarmu yashi ne, dare ɗaya iska ta binne dogo sai shebur. A yamma ruwa. Da rani kuma zafi na sa ƙarfe ya miƙe ya karkace kamar maciji. Ruwan shanmu ma jirgi ke kawo mana a tanki. In ya makara, mu ma mun makara.

'Yar Niyala: Allah ya saka da alheri Baba. Ban san kai ma ka sha wannan ba, na ɗauka a ofis ka yi.

Baba Atbara: Ofis ina? Daga baya ne na koma warsha, wurin gyaran injuna, a Atbara.

Ɗana, ga abin da zai sa kamfaninka ya yi kama da gaske. Hukumar jirgin ƙasa ta wancan zamani gwamnati ce a cikin gwamnati. Ita ke da jiragen ruwa na Nilu, ita ke riƙe da tashar Bur Sudan, ita ke da otal-otal har da babban nan na bakin kogi a Khartum. Kamfanin jirgin sama na Sudan ma a ƙarƙashinta ya fara tashi a 1947. Layin Masar kuwa faɗinsa daban ne da namu, saboda haka ba a taɓa haɗewa ba, sai ka sauka a Halfa ka shiga jirgin ruwa zuwa Aswan. Kuma a 1964, da ruwan babban dam ɗin Aswan zai cinye tsohuwar Halfa, jirgin ƙasa ne ya kwashe Nubawa da kayansu zuwa Khashm al-Girba. Abu mai irin wannan nauyi ba kuɗin tazkarar Hajiya ke ɗauke da shi ba. Auduga ce, da ƙaro, da riɗi, da gyaɗa, da dawar Gadarif, da shanun yamma, da man fetur da ake haurowa da shi daga teku.

Ɗan Kosti: To Baba maganar mugun shugaba fa? Ai kowa cewa yake tsohon shugaban ƙasa Numairi ne ya kashe jirgi.

Mai kula da zaure: A yi tarihi, kada a shiga zagin kowa don Allah. Mun san yadda muka ƙare wancan karon.

Baba Atbara: Ba zagi. Abin da ya faru ne. Atbara ana ce mata garin ƙarfe da wuta, ba don injuna kaɗai ba. A nan ƙungiyar ma'aikata ta farko ta tsiro a 1946, a 1947 suka yi yajin aiki har Turawa suka amince da ita. Tun daga nan duk mai mulki ya san in Atbara ta ajiye guduma, Khartum ba mai, ba alkama. A 1981 aka yi babban yajin aiki, Numairi ya murƙushe shi ya rushe ƙungiyar. Bayan juyin mulkin 1989 kuma aka sallami mutane da yawa da sunan maslahar jama'a, cikinsu har ƙwararrun da ke gane ciwon inji da jin sautinsa. Wannan duk gaskiya ne.

Amma in ka ce mutum ɗaya ne ya kashe shi, ka yi wa labarinka rowa. A 1977 aka gama bututun mai daga Bur Sudan zuwa Khartum, man da muke ɗauka ya bi ƙarƙashin ƙasa. A 1980 aka gama kwaltar Khartum zuwa Bur Sudan ta Madani da Gadarif da Kasala. Ta fi dogo nisa sosai, amma ɗan kasuwa ya ga babbar mota na kai masa kaya har ƙofar shago. Kaya masu tsoka suka koma kan taya. Ga ƙarfe ya tsufa, ga kayan gyara sai da kuɗin waje, daga baya ga takunkumin Amurka na 1997 alhali akwai injunan Amurka a hannunmu. Sai ka ga an kwance inji biyu don a tayar da ɗaya. Da kaya suka tafi, fasinja ya zama nauyi. Sannu a hankali abin ya zube, ba dare ɗaya ba.

Takari na Jidda: Amma Baba ai an farfaɗo. Jirgin Nilu da aka kawo daga Sin a 2014, Khartum zuwa Atbara, da sanyaya ɗaki da kujeru masu laushi. Fasinja zalla ne shi ma. Ban janye maganata ba 😄

Malam Maiurno: Sabon tarago a kan tsohon dogo, Alhaji. Mutane sun so shi don ya fi bas araha, amma ƙarfen da ke ƙasa bai bar shi ya yi gudun da aka ƙera shi da shi ba. Ku can naku sabon layi aka yi masa tun daga tushe, mai faɗin 1435. Ba a haɗa su.

Takari na Jidda: Na yarda da rabin maganar. Rabin kuma ina nan a kai: in gwamnati ta ga dama, ana yi.

Malam Maiurno: Ai "in ta ga dama" ɗin nan shi ne duk muhawarar.

'Yar Niyala: Ni abin da ba zan manta ba jirgin Atbara ne na 2019. Na Afrilu da ya shigo wurin zaman dirshan na masu zanga-zanga a Khartum, da na 17 ga Agusta ranar sa hannu kan yarjejeniyar raba mulki tsakanin soja da farar hula. Mutane a rufi, a taga, a gaban inji, ba ka ganin ƙarfen sai tutoci. Ina kallo a waya ina hawaye, ni da ban taɓa taka Atbara ba. Ƙanena, ko a ƙage ne ka nemi inda za ka sa irin wannan ranar.

Ɗan Kosti: Yaya zan sa. Ga yadda na sauya tsarin, ku duba. Ba za a kafa shi a 1956 ba. Zan bar tarihin gaske yadda yake har zuwa wajen 1980, sannan ƙagen ya fara: gwamnati ta ga fasinja na cin kuɗin kaya, sai ta yanke ɓangaren ta mai da shi kamfani mai cin gashin kansa, ta ba shi tsofaffin taragu, amma dogon ba nasa ba ne, haya yake biya, kuma in jirgin kaya na tafe dole ya rakuɓe a tasha ya ba shi hanya. Shugabansa na farko zai zama ɗan darisa da ya taso daga ƙasa. Kowace shekara yana zuwa Khartum roƙon tallafi, ana ce masa ya rufe layin yamma don ba riba, shi kuma yana ƙi.

Baba Atbara: Yanzu ka hau dogo. Abu ɗaya: ɗan darisa ba ya zama shugaba kai tsaye, kada ka yi mana ƙarya mai daɗi. Ka mai da shi nazirin tasha, wato shugaban tasha, tukuna, ko ka bar shi shugaban ƙungiya, wani mai karatu ya riƙe kujerar suna ta karo.

'Yar Niyala: Kuma a ƙarshe su rufe layin yamman duk da haka. In ba su rufe ba ba zan yarda da labarin ba.

Ɗan Kosti: Haba Yaya, ko a ƙage ba za a bar mu mu kai jirgi Jinaina ba?

'Yar Niyala: Ka sa a aza harsashi a yanka sa, a buga a jarida. Iyakarta kenan.

Malam Maiurno: Ni dai in za a ji tawa, a bar masa ya kai shi. Har Adare ma, har ya haɗu da na Kano. Tunda faɗin ɗaya ne.

Inna Gadarif: Ku dai ku gama rabon layinku. Ɗana, yarinyar ƙoƙon tana ciki ko babu?

Ɗan Kosti: Tana babi na biyu Inna. Sai dai ban san nawa ake sayar da ƙoƙo ɗaya ba a lokacin.

Inna Gadarif: Zan kira yayata a Kasala in tambaye ta, ita ke karɓar kuɗin, ni gudu kawai nake yi.

Baba Atbara: Ni kuma bayan isha zan turo maka da murya yadda direba ke busa, don na tashi daban, na neman hanya daban, na haɗari daban. Ba ya rubutuwa. In intanet ta bari.